Bangon da Ya Ara Mini Baki

Ni mai i'ina ne. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya haɗu da ni shi yake fara sani kafin sunana, don sunan ma sai na yi kokawa da harafinsa na farko kafin ya fito. Yanzu na haura shekara talatin, ina koyar da Hausa a wata sakandare a nan Zariya, kuma i'inar tana nan daram. Wanda ke jiran jin yadda na warke gara ya sani tun yanzu, babu wannan a labarina.

A cikin birni aka haife ni, ni ne ɗan fari. Babanmu magini ne, na ƙasa ba na bulo ba, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne zanen fuskar zaure. Idan an gama yaɓe, tun ƙasar tana da danshi, sai ya hau tsani da 'yar wuƙarsa ya fara fitar da dagi, da takobi, da keke idan mai gidan ɗan zamani ne. Ni ke miƙa masa curin ƙasa. Ranar Juma'a idan an idar da salla yakan riƙe hannuna ya nuna mini bakan gizon tsohon masallacin da Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ba ya cewa komai. Mutum ne marar yawan magana. A wurinsa kaɗai nake hutawa, domin aikinmu ba ya bukatar baki: ya nuna, in kawo.

Innarmu kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba, alkunyar ɗan fari. "Kai wannan" nake a bakinta har gobe. Amma ita ta yi ta yawon nema mini magani a ɓoye. Na sha rubutu har na ƙoshi. Wata tsohuwa ta ce a sa mini tsakuwa a ƙarƙashin harshe, aka sa, saura ƙiris in haɗiye ta. Kullum da asuba ina jin Inna tana maimaita addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Ubangijinsa ya warware masa ƙullin harshensa, ta tofa a ruwa ta ajiye inda zan gani, kamar ba ita ta ajiye ba.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne a makarantar allo ba na i'ina. Da zarar na kama karatu da rauji sai ya tafi sumul. Shi ya sa wasu suka ce iskanci ne kawai, da gangan nake yi. A boko aka fi yi mini wannan fassarar. Malami ya ce tashi ka karanta, in tashi, harafi ya maƙale, haɓata ta kama rawa, aji ya ɗauka da dariya. Tun ina aji ɗaya a sakandare aka laƙaba mini Janareto. Da na fara "ta-ta-ta" sai wani daga baya ya ce, "A ja igiya!" Akwai malamin da ya taɓa zuba mini bulala shida wai zai kore mini ita. Na yafe masa, amma ban manta kalar rigar da ya sa ranar ba.

Ina da shekara 16, na gama aji huɗu, Baba ya rasu. Watan Agusta ne, an kwana uku ana ruwa. Aka kira shi gyaran wata katanga da ta sha ruwa ta tsage, yana tsugune a gindinta ta rufto masa. Kwana uku ya yi a asibiti. A daren ƙarshe aka bar ni na shiga. Idonsa biyu, ya gane ni. Abu ɗaya na shiga da shi a raina: in ce, Baba ka yafe mini. Na buɗe baki, harafin farko ya tsaya. Na ja numfashi, na sake, ya sake tsayawa. Yana kallona yana jira kamar yadda ya saba, bai taɓa ƙarasa mini magana ba a rayuwarsa. Ina cikin wannan fama aka ce lokaci ya yi, masu jinya kawai za su kwana. Na fita da maganata a maƙogwaro. Kafin asuba ya cika.

Daga ranar na ɗauke wa bakina aiki. Ba rantsuwa na yi ba, kawai na ga abin da ya kasa yi mini wannan ɗan aikin ba shi da sauran amfani. Sallama da amsa gaisuwa, shi ke nan. Makaranta ma na bar ta, don ƙannena huɗu ne, Inna tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Na bi wani abokin Baba muka shiga leburanci, yau Hanwa, gobe Samaru, ina ɗaukar kwanon siminti a ka har tsakiyar kaina ya yi kanta. Shekara guda cur.

A wannan shekarar na fara rubutu, kuma ban san sunan abin da nake yi waƙa ba. Buhun siminti na takarda yana da ɓawo-ɓawo, na tsakiya ba ya ɓaci sosai. In an tashi cin abinci sai in yage shi, in ari fensirin kafinta, in rubuta abin da na so faɗa wa Baba. Ina jera maganar yadda za ta hau raujin da na saba da shi a makarantar allo, tunda ta nan kawai na san magana tana fita lafiya. Wata rana aiki ya kai mu cikin Jami'ar Ahmadu Bello, na bi ta wajen sashen masu zane, na ga sassaƙe-sassaƙen ɗalibai a fili ƙarƙashin itatuwa, rana na dukansu, mutane na wucewa, wani ya tsaya wani ya wuce. Masu aikin ba sa wurin. Na tsaya da kwanona a hannu har aka ƙwala mini kira.

Kawuna, ƙanen Inna, mai 'yar rumfa a kasuwar Sabon Gari, shi ya ce sai na koma makaranta, zai ɗauki abin da ya sawwaƙa. Na koma aka haɗa ni da ƙannen bayana. Ga girma, ga hannu duk kanta, ga shiru. Sunan Janareto kuwa yana nan yana jirana, an gadar wa sababbi.

Malamar Hausa da aka kawo bayan tafiyata ita ta ba da aikin gida: kowa ya rubuto waƙa ƙwar biyu, baiti biyar, da amsa-amo ɗaya. Ba ni da littafin da zan ɓata, sai na zaɓo ɗaya daga takardun simintina na miƙa. Washegari ta aiko a kira ni ofishin malamai. Ta ce, "Kai ka rubuta wannan, ko kwafowa ka yi?" Na nuna ƙirjina. Ta ce ranar Litinin zan karanta ta a asambili. Na ɗauki biro a kan teburinta na rubuta a bayan takardar: Malama ki yi mini rai. Ta karanta, ta dube ni, ta daɗe. Sai ta ce, "A garin nan fa makaho ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta masa. Kai ga ido ga hannu." Ban ɗago ba. Ta sake duba waƙar ta ce, "Mahaifin naka, da baki yake nuna wa mutane aikinsa?"

Ƙungiyar Hausa ta makarantar suna kawai gare ta. Malama ta tattaro mu bakwai, maza huɗu mata uku, ta ce za mu fitar da waƙa daga cikin aji. Ita allon sanarwa ta nufa, wanda ke jikin ofis. Nan ne karo na farko da na yi mata gardama, a rubuce. Allon sanarwa ba mai zuwa gabansa sai ranar da aka kafe sakamako. Abin da na koya a gindin tsanin Baba shi ne ba a yin zane a bayan gida. Ana yin sa inda dole mutum ya tsaya, ƙofar zaure, inda baƙo zai yi sallama ya jira. To ina ɗalibi yake tsayawa dole? Layin famfo. Gindin dogon yaro inda masu ƙosai da ɗanwake suke zama in an tashi tara. Da bakin get, inda ake durƙusar da 'yan latti.

Da na bakin get muka fara, kuma har yau in na tuna sai na yi dariya. Na auna tsayin idon mutumin da ke durƙushe, na shafa farar ƙasa a wurin, muka rubuta da bula:

Sannu da zuwa, durƙusa a hankali,
Gurbin gwiwata ne, jiya na bar shi.

Ranar, firfet ya rasa dalilin da 'yan latti suke ƙyalƙyala dariya maimakon roƙo. Sai da ya sunkuya. Kafin a tashi, rabin makaranta sun je sun durƙusa da kansu don su karanta.

Daga nan abin ya kama. Muka ɗaura igiya tsakanin rassan dogon yaro muna rataye takardun siminti da tsinken shanya. A jikin bangon famfo na kwaɓa ƙasa da ramno na fitar da ƙawanya irin ta Baba, da dagi a kusurwa huɗu, da wuƙarsa na yi, tsakiyar kuma muka bar ta fili ana sauya baiti duk Litinin. Muka ajiye tsohon gwangwanin madara da aka huda wa murfi, duk mai waƙa ya jefa, da suna ko babu. Doka biyu muka kafa: ba a kama sunan kowa, kuma duk wadda aka rataye sai ta cika mako.

Ba a rasa tuntuɓe ba. Waƙar Hausa ta gargajiya da sunan Allah take buɗewa, yara kuma suka bi wannan tsari. Iskar hunturu ta fizge wata takarda ta kai ta kwata. Malamin addini ya tsamo ta da hannunsa ya zo da ita yana huci. Gaskiyarsa ce, ba mu yi musu ba. Daga ranar, duk waƙar da ke da ambaton Allah sai a kafe ta a cikin laburare, sama da kai. Ya kuma hana mu amfani da allo, da muka so yi don kyau, ya ce allo na karatun Alƙur'ani ne. Hanin nan ya yi mana rana, domin 'yan matanmu suka ce to ga faifai ga ƙwarya, ba iskar da za ta ɗauke su in an ɗaure. Wani kuma ya jefo waƙa a kan halin da bayin makaranta yake ciki, muka rataye, shugaban makaranta ya sa aka sauke ta a ranar, ya kusa rufe ƙungiyar. Bayan sati biyu dai aka kawo masu yashe bayi. Ba mu ce komai ba.

Sai da aka yi wata guda na yarda aka rataye tawa, ba suna. Farkonta ke nan:

Hannun da ke shafe bango ya kwanta,
Ƙasar da yake kwaɓawa ta rufe shi.
Ga zanensa nan bisa zauren mutane,
Mai wucewa bai ma san sunanshi.

Na sayi ƙosai na koma gefe kamar ba ruwana. Wata yarinya 'yar aji uku ta tsaya ta ɗaga kai ta fara karanta wa ƙawarta da ƙarfi. Ban san yadda zan bayyana wa mai lafiyar baki abin da na ji ba. Maganata ce, ni na jera ta, amma ban taɓa jin ta tana tafiya ba tare da ta faɗi ba. Daga baitin farko har na ƙarshe ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ashe haka nake in an cire i'inar. Da ta kai ƙarshe ƙawar ta ce, "Wayyo, wannan babanshi ne ya mutu." Suka wuce abinsu. Ƙosan ya huce a hannuna. Na zagaya bayan ajin da ba kowa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Sirri ba ya daɗewa a makaranta. Wata Litinin na zo da sassafe na tarar da takarda a kan igiya wadda ba ta bi ta gwangwani ba:

Ma-ma-malam mai wa-wa-waƙa,
Ka-ka-karanta mu ji da baki.

Na fizge ta na cusa a aljihu, na juya na fita ta get ɗin da na shigo. Abin da ya fi ci mini rai ba zolayar ba ce, na saba. Wanda ya rubuta ya iya. Ya san yadda ake jera gaɓa ta zauna, kuma ya san ni ne mai waƙar. Mu bakwai ne muka san haka. Har yau ban san ko wane ne ba, kuma na daina son sani.

Kwana tara ina gida. Inna ba ta tambaye ni ba sai a na tara, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba. "Kai wannan, makarantar ta ƙare ne?" Na miƙa mata takardar, sai na tuna ba ta karanta boko, ajami ta iya. Dole na faɗa mata da baki, kuma don baƙin ciki, wannan baitin kaɗai ne a duniya da i'inata ta dace da shi. Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Duk damina sai ruwa ya ci zanen ubanka. Ban taɓa ganin ya kai ƙarar ruwa ba. Kaka ta yi ya ɗauki tsaninsa."

Na koma. A hanya na yi ta saƙa baitocin ramuwa, kuma na samu masu zafi. Ban rubuta ko ɗaya ba. Da na isa na ciro takardar, duk ta cukurkuɗe, na miƙe ta na mayar kan igiya. Ni na kawo dokar cewa waƙa sai ta cika mako, kuma wannan ba ta kama sunan kowa ba. Malama ta ce in bari ta cire, na girgiza kai. Kada a ɗauka wani abin mamaki ya biyo baya. An yi dariya, wasu sun yi ta maimaita ta in na wuce. Na ji zafi kowace rana cikin bakwai ɗin. Mako ya cika aka sauke ta tare da sauran.

Malama ce ta gaya mana 21 ga Maris ranar waƙa ce ta duniya, hukumar UNESCO ta ware ta tun 1999. Ta ce kuma Zariya ba baƙuwar wannan harka ba ce, tunda a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma mutane sun daɗe suna aika mata waƙoƙi. Muka cika makaranta da faya-fayai da ƙore, har jikin randunan ruwa, aka gayyato iyaye. Na ɗauki faifai ɗaya daga na Inna, na manna masa takarda, na rubuta waƙar Baba da ajami. Kuma na yarda zan rera ta, ba karantawa ba. Sallamar da zan yi kafin in fara ita ta kusa kashe ni, na maƙale a kanta, wani ya ce a ja igiya, aka yi dariya. Da na kama rauji sai ta tafi har ƙarshe. Bayan an watse na hango Inna a gindin dogon yaro, ta ja mayafi, tana bin faifan da yatsa. Na matsa kusa. Ta ce, ba ta juyo ba, "Wasalin nan ba a nan yake ba." Ta kwance igiyar ta sa faifan a cikin mayafinta ta tafi gida.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne duka. Na faɗi Turanci da Lissafi a WAEC, sai a zama na biyu na haɗa. Na yi kwalejin ilimi ina leburanci a ƙarshen mako. Makarantu biyu sun sallame ni tun a wurin ganawa, ɗaya ma mai makarantar ya ce mini, cikin tausayi wai, in nemi sana'ar hannu. Ta uku ta ɗauke ni gwaji na zango ɗaya, ga shi har yau ina nan.

Ranar farko a kowane sabon aji nakan rubuta a allo: ina da i'ina, in na maƙale ku jira ni, kada ku ƙarasa mini. Sai daga baya na karanta cewa kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana da ita, maza sun fi yawa, kuma sanannen abu ne ta saki mutum in yana rera waƙa. Da malamin nan mai bulala shida ya san haka. Iyaye sukan zo mini da yaransu a ɓoye, kamar masu kawo abin kunya. Ba ni da magani. Abin da nake faɗa musu shi ne abin da Baba ya yi mini: a dube shi, a jira.

Ɗalibaina sun wuce mu nesa. Suna rubuta baiti a kan matakalar bene, ɗango ɗaya kowace taka, sai ka hau ka gama waƙar, in kana saukowa kuma ta zo maka a juye, har wasu suka fara tsara wadda za ta karantu ta kowane gefe. Suna fentin tsofaffin tayoyi, suna rataye murafan tukwane. Gwangwanin madara dai na nan, shi ban yarda a sauya ba. Takardar nan ta ma-ma-malam ma tana cikin jakata, nakan koyar da kari da ita.

Zaurukan da Baba ya yi wa zane kusan duk an rushe su an sa bulo. Faifan kuwa yana rataye a ɗakin Inna, sama da gadonta. Watan jiya ta aiko matata da saƙo, wai a gaya wa wancan tawadar ta koɗe. Na je ranar Juma'a da tawada da alƙalami, na zauna a bakin ƙofarta na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan wasalin nan sai na goge shi na mayar da shi inda ya kamata. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta bi da yatsa har ta iso wurin. Ta miƙo mini ta ce, "Mayar da shi yadda yake."